Daga Bodin Katako Zuwa Fijo 504: Tarihin Tsofaffin Motocin Kudancin Kano da Makomarsu

A shekarar 1877 aka haifi Alhassan Dantata a Bebeji, garin Agalawa fatake masu bin hanyar Gwanja. Duniyar da ya tashi a cikinta ta jakuna ce da takarkarai da 'yan alaro, fataucin goro kuwa yakan ci watanni kafin ayari ya dawo gida. Lokacin da ya rasu a Kano a 1955, jirgin ƙasa ya haura shekara 40 yana shigowa birni, manyan motoci suna kwaso gyaɗa daga ƙauyuka, ɗansa Sanusi Dantata kuma ya yi nisa a harkar sufuri. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Aliko Dangote kuwa jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Gida ɗaya mai tushe a Bebeji ya ratsa tarihin sufurin Arewa tun daga mangalar jaki har zuwa ma'aikatar mota.

Sai dai wanda ya nemi ganin shaidar wannan tarihi da idonsa zai sha yawo. Motocin da suka yi aikin sun ƙare a bakin hanya, ko a sikelin 'yan gwangwan. 'Yan kaɗan ne suka tsira da lafiyarsu, irin waɗanda wani dattijo ya ajiye a rumfa yana tayar da su lokaci lokaci don kada inji ya kwanta. A kan waɗannan ne wata sabuwar tambaya ta taso, tun da matasa suka fara kallon yadda ake yi a ƙasashen waje ta wayoyinsu: a cire wa tsohuwar mota injinta, a dasa mata mai ƙarfi, a datse ta, a mayar da ita motar tsere, ko a bar ta yadda ta fito? Amsar tana cikin tarihin motocin kansu.

Zamanin bodin katako

Hanyar da ta ratsa wannan yanki ita ta koya wa mutanensa abin da ake nema a jikin mota. Daga Kwanar Dangora a ƙasar Kiru take rabuwa da babban titin Kano zuwa Zariya, ta nufi Tudun Wada, ta kutsa Dajin Falgore, ta faɗa ƙasar Doguwa, ta wuce Saminaka ta hau tsaunukan Jos. A gefe akwai Riruwai, inda ake narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanonin haƙar ma'adinai suka shigo da injunansu. Ƙasa ce ta masara da dawa da shinkafa da rake, mai ruwan sama fiye da arewacin jihar, mai hanyoyin da damina ke cinyewa. Motar da ba ta jure lodi da taɓo ba ta da wurin zama a nan.

Manyan motocin farko, irin su Bedford da Austin na Ingila, sannan Marsandi 911 ta Jamus, da yawansu kai da inji da shasi kawai suke isowa. Sauran aikin na gida ne. Kafintoci su gina bodi da katako mai ƙwari, maƙera su ɗaure shi da ƙarfe, mai fenti ya zo ya zana zaki ko mikiya ko ɗawisu, ya rubuta "Allah Ya Kiyaye" a goshi. A ƙasa buhuna, a sama fasinja, yaron mota a maƙale a baya da wejinsa na katako, yana jiran a zo hawa ya dire ya tokare taya. Babu biyu da suka yi kama da juna, domin kowace tana ɗauke da hannun wanda ya gina ta da ra'ayin wanda ya biya.

Wato tun ranar farko, motar ƙasar Hausa gyararriya ce. Bature ya ƙera rabi, Bahaushe ya ƙarasa.

Shekarun Tiga da Kakuri

Shekarun 1970 su suka sauya komai. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko Audu Bako ya sa aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda. Injiniyoyi da ma'aikata da 'yan kwangila suka cika yankin da Land Rover da tifa. Ruwan Tiga ya buɗe noman rani a Kadawa da kewaye, tumatir da albasa da alkama suka buƙaci abin da zai kai su kasuwa kafin su lalace.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama baƙi a kan titin da suka saba, sannu a hankali suka ba da wuri. A 1975 kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, malamin makaranta da akawu suka fara tunanin abin hawa. A watan Maris na wannan shekarar Janar Yakubu Gowon ya buɗe ma'aikatar Peugeot a Kakuri, Kaduna. Volkswagen ta buɗe tata a Legas, daga baya aka samu Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu, da ma'aikatar manyan motocin Fiat a Kano, a kan titin Zariya, hanyar da duk mai zuwa Bebeji daga birni yake bi.

Cikin duka, Peugeot, wato Fijo, ita ce ta shiga jinin Arewa. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi na Doguwa kyau ba. Ƙirar 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. Sirrinta a ƙasa yake: tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ke tura ta, ƙafafunta suna shanye rami ba tare da sun karya bayan fasinja ba, injinta kuma bakaniken ƙauye yana iya sauke shi ya mayar da 'yan sifanu a gindin bishiya.

Wani abin baƙin ciki ya ƙara ɗaga ta. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandinsa a Legas, aka kawo shi Kano aka binne. Gwamnatin Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mayar da Fijo motar hukuma. Daga nan 504 ta zama motar kwamishina da alƙali da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma. Doguwar, mai layin kujeru uku, ta mamaye tashoshin Kano zuwa Jos. A-kori-kura kuwa, 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, ta zama jakar manomi: ita ke kai taki gona, ta kwaso masara, ta kai amarya da kayan ɗakinta, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ranar kasuwa kuma ta ɗauki mutane da awaki a tafiya ɗaya.

Ita ma ba a bar ta yadda ta fito ba. Ana ƙara mata sifirin a baya don ta ɗauki abin da maƙeranta ba su taɓa zato ba, mai walda ya ɗaga mata ƙarafa a gefe, a shimfiɗa katako a sama don masu zama. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ɓarna, neman abinci ne.

Yadda suka ƙare

A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin daidaita tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kayan gyara na asali suka yi tsada, sai aka koma cin wata mota don a rayar da wata: a sayi wadda ta yi haɗari, a kwashe inji da giya da ƙofofi, a watsar da gangar jikin. Kasuwar Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama asibitin tsofaffin motoci, suka kuma zama mahautarsu. Sannan 'yan Kwatano suka kwararo, Golf da Sharan da Hiace suka karɓe layin fasinja, J5 ta karɓe lodin kayan gwari.

Duk da haka 504 ta daɗe ba ta sallama ba. Faransa ta daina ƙera ƙaramar ƙirarta a 1983, Kenya ta tsaya a 2004, Kakuri kuwa sai 2006, shekarar da aka sayar da hannun jarin gwamnati a kamfanin. Ke nan Kaduna na cikin wuraren ƙarshe a duniya da aka harhaɗa wannan mota.

Abin da ya ƙarasa sauran shi ne cinikin gwangwan. Kamfanonin narka ƙarfe suna buƙatar abin da za su mayar rodi, masu saye suna bin gari gari da sikeli. Sau da yawa a wurin rabon gado ake yanke wa mota hukunci: mai ita ya rasu, magada suna son a yi mata kuɗi a raba, wanda ya fara tayawa kuma mai sayen ƙarfe ne. Motar da ta yi shekara 40 ana tattalinta sai a yanka ta da wutar walda cikin yini ɗaya.

Inda al'adar tsere ta samo asali

Abin da matasa ke sha'awa a yau, wanda Amurkawa ke kira hot rod, ya faro ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930. Kamfanin Ford ya ƙera Model T sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, ga Model A a bayanta, don haka tsofaffinsu sun zama kayan banza da yaro mai 'yan daloli zai iya saya. A 1932 Ford ta fito da inji mai silinda takwas a farashin talaka. Samari suka riƙa cire duk abin da ke ƙara nauyi, su dasa wannan inji a ƙaramin jiki, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna lokacin gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo da ilimin kanikanci, harka ta bunƙasa. Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a ɗauke tseren daga titunan jama'a a kai shi fili mai doka.

Abu biyu ne a wannan labari da mai kallon bidiyo ba ya gani. Na farko, waɗancan samari ba su yanka abin da ya yi ƙaranci ba, sun yanka abin da ya cika bola ne. Na biyu, da tafiya ta yi nisa, Ford ta 1932 wadda ba a taɓa ba ta yi wuyar samu, har kamfanoni suka fara ƙera sabon jikinta da ƙarfe ko roba mai ƙarfi don masu son tsere su samu abin yi ba tare da an taɓa na asali ba. A can ma gardamar ba ta mutu ba, amma da yawa daga masu wannan sana'a suna ganin abin kunya ne a sa zarto a jikin motar da ta tsira lafiya.

Ƙungiyar FIVA ta masu kula da motocin tarihi ta duniya, wadda aka kafa a 1966, ta ce motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka riƙe ta a kan yanayinta na asali, kuma ba ita ce abin hawan yau da kullum ba. Jamus ta fara ba irin waɗannan lamba ta musamman mai harafin H a 1997. A 2019 FIVA ta bayyana cewa tsohuwar motar da aka mayar mai lantarki ta fita daga wannan sahu. A bikin baje kolin motoci na Pebble Beach a Kalifoniya, wanda ake yi tun 1950, an saba ba da babbar kyauta ga motar da aka sabunta har tana ƙyalli. A 2024 sai aka ba Bugatti ta 1934 wadda aka bari da tsufanta da tabon aikinta. Wannan bikin dai shi ne ya buɗe wa tsofaffin motocin tsere na haɗin hannu aji nasu a 1997, domin su ma sun zama tarihi.

A nan ne maganar ta dawo gida. Yarjejeniyar Turin da FIVA ta fara aiki da ita a 2013 ta ɗauki gyaran da aka yi wa mota a zamanin aikinta a matsayin wani ɓangare na tarihinta. Bisa wannan, bodin katako da zanen mikiya da ƙarin sifirin na a-kori-kura su ne ainihin abin adanawa. Senegal ta ga misalin haka: ƙananan bas ɗin Renault masu fenti shuɗi da rawaya da suka yi shekaru suna jigila a Dakar, an ɗauki ɗaya da zanenta aka ajiye a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris a 2015. A Najeriya kuwa Marsandin Murtala tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Da wani ya toshe ramukan ya sake fenti, da ta tashi daga shaida ta koma tsohuwar mota kawai.

Hujjar masu son gyara

Masu cewa a gyara ba su rasa abin faɗa ba. Mota dukiyar mai ita ce, babu dokar da ta hana shi yin yadda ya so da halalinsa. Motar da aka ajiye ba a hawa tsatsa da ɓeraye ke cinye ta. Kayan gyaran 404 sun yi wuya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, tsohon inji mai kafireta ya zama nauyi a aljihu. Kuma yaron da ya koyi dasa inji ya haɗa waya ya daidaita giya ya samu sana'ar da za ta ciyar da shi. Suna kawo misalin Kyuba, inda motocin Amurka na shekarun 1950 ke yawo har yau da injunan dizal na wasu kamfanoni, saboda takunkumi ya hana su kayan gyara.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai shafi kowace mota ba. Tsofaffin motocin da suka rage a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kashi uku ne. Akwai masu aiki har yanzu, masu kai buhu kasuwa. Waɗannan a yi musu duk abin da zai sa su ci gaba da ciyar da iyali, ko sauya inji ne ko sa tukunyar gas, domin haka aka saba tun zamanin bodin katako. Akwai matattu, waɗanda injinsu ya buga, ƙasansu ya ruɓe, suna jiran mai sikeli. Waɗannan su ne rabon mai sha'awar tsere, kuma wanda ya tayar da irinsu ya ceci abin da zai zama rodi, ya cancanci yabo. Sai kashi na uku, mafi ƙaranci: motar da ke da injinta na asali, kujerunta, fentinta, wani lokaci har da takardun sayenta. Ita ce ba ta da madadi. Kakuri ba za ta sake fitar da 504 ba.

Ko a wannan kashi na uku akwai gyaran da ba ya cutarwa. Sabuwar taya, sabon birki, sabon batir da wayoyin wuta, duk ana iya mayar da su yadda suke. Wanda dole ta sa ya sauke inji, ya adana tsohon a ɗaki da lambarsa. Abin da ba ya dawowa shi ne yanka: a datse rufi, a gajarta shasi, a faɗaɗa mazaunin taya, a fasa gaban mota don babban inji ya shiga. Akwai kuma maganar rai. Injin da ya ninka na asali ƙarfi, a kan birki da ƙafafun da aka ƙera don gudun shekarun 1970, a hanyar Falgore mai kwana da shanu masu tsallakawa, haɗari ne ga direba da wanda bai ji ba bai gani ba. Amurkawan da suka ƙirƙiro wasan sun kai shi fili tun 1951.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin bai goyi bayan yanka ba. Motar tsere ta haɗin hannu ɗanɗanon mai ita take ɗauke da shi, mai saye na gaba ba lallai ya so shi ba. Wadda ta tsira da asalinta kuwa, kullum 'yan uwanta raguwa suke yi, masu nemanta a ciki da wajen ƙasa suna ƙaruwa. Bisa ma'aunin shekara 30, duk 504 da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta shiga sahun motocin tarihi.

Hukuncin da tarihin nan ya nuna a fili yake: mai aiki a gyara ta, matacciya a ba matasa su gwada basirarsu, lafiyayya a bar ta da asalinta. Abin da ya rage shi ne a samu masu ɗaukar nauyi. Kano na da gidan tarihi na Gidan Makama, tana da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Dan Hausa. Ya kamata su nemi babbar mota ɗaya mai bodin katako, a-kori-kura ɗaya da 504 ɗaya ta Kaduna, su ajiye su da kayan aikinsu yadda suke. Rassan ƙungiyar direbobi ta NURTW a Kwanar Dangora da Tudun Wada sun san gidajen da irin waɗannan motoci suke, sun kuma san tsofaffin direbobi da kanikawan da ya kamata a naɗi bayaninsu tun suna raye. Attajiran yankin na iya sayen motocin a farashin da ya fi na sikeli. Magada kuma, idan rabon gado ya biyo ta kan tsohuwar Fijo mai lafiya, su yi cigiyar mai son adana ta kafin su kira mai gwangwan.